Horon Ɗorewar Ƙungiyoyin Sa-kai a Jos: Tambayoyi da Amsoshi

Tun farkon 2025 da tallafin ƙasashen waje ya ja baya, duk inda masu ƙungiyoyin sa-kai suka haɗu a Jos zancen ɗaya ne: yaya za a yi ofis ya ci gaba da buɗewa? Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin shugabanni da ma'ajai da sakatarori game da horon da ake ba ƙungiyoyi don su tsaya da ƙafafunsu.

Wace ƙungiya ce za a ce ta tsaya da ƙafafunta?

Ba lalle ba ne wadda ta fi samun tallafi. An yi ƙungiyoyi a garin nan da suka juya miliyoyi, da motoci masu tambari a ƙofa, amma ranar da aikin shekara uku ya ƙare sai kwaɗo a ofis, mai gida ya cire allo ya sa wani ɗan haya. Ku yi wa kanku tambaya biyu. Idan mai ba ku tallafi ya aiko yau cewa ya dakata, wata nawa za ku iya biyan haya da albashi daga abin da ke hannunku? In kuma shugaba ya kwanta asibiti wata biyu, akwai wanda ya san inda takardun rajista suke, kuma banki zai karɓi sa hannunsa? Duk horon da bai kusantar da ku ga amsar waɗannan ba, ɓata lokaci ne, ko da a wane otal aka yi shi.

Me ya sa sai yanzu kowa ya tashi da maganar?

Don abin da ake ganin ba zai taɓa faruwa ba ya faru. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a ƙetare na kwana 90, kafin a ankara wasiƙun tsayar da aiki sun iso ofisoshi. A watan Maris sakataren harkokin wajen Amurka, Marco Rubio, ya sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID, hukumar ba da tallafin ƙetare ta Amurka, ranar 1 ga Yuli kuma hukumar ta daina aiki, aka mayar da ragowar ƙarƙashin ma'aikatarsa. Birtaniya ita ma a Fabrairun 2025 ta ce za ta rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarta daga 2027.

Wannan ya zo ya tarar da wani ciwon a gida. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dalar da ake samu a kan naira 460 da ɗoriya a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sa hannu a kasafin naira kafin nan, ya san yadda kuɗin zuwa Wase ko Shendam sau huɗu ya koma bai kai sau biyu ba.

Mu mutanen Jos ma bai kamata abin ya zo mana baƙo ba. Bayan rikicin Satumban 2001 da na 2008 da na 2010, kuɗin aikin sulhu ya shigo Filato, ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa. Da hankalin duniya ya karkata Arewa maso Gabas, sai kuɗin ya kama hanyar Maiduguri, da yawa daga cikinsu suka bushe.

Mun sha zuwa bita. Me wani horon zai ƙara mana?

Tambaya ce mai kyau, kuma kowa ya san irin bitar da kuke nufi. Ɗakin taro a Rayfield, jaka da biro da ɗan littafi, shayi ƙarfe goma sha ɗaya, a kasa mutane gida huɗu su rubuta a babbar takarda su liƙa a bango. Ranar ƙarshe a yi hoto, a bi layi a sa hannu a karɓi kuɗin mota. A koma ofis a rataye satifiket, jakar a ba yaro ya je makaranta da ita. Ban ce ba a ƙaruwa ko kaɗan ba, amma irin wannan bitar an shirya ta ne don mai tallafi ya cika rahotonsa, ba don ƙungiyarku ta canza ba.

Horo na ƙwarai kuwa tun kafin ku je za a ce ku taho da kayanku: kundin tsarin mulkin ƙungiya, takardar shige da ficen kuɗi daga banki ta wata goma sha biyu, littafin ma'aji, da littafin da sakatare ke rubuta bayanan taro. A kan waɗannan za a yi aiki, ba a kan labarin wata ƙungiya ta Kenya ba. Sau da yawa za ka ga ma'aji ya zo da baƙar leda cike da rasit, wasu sun koɗe har ba a iya karanta su, wasu a bayan kwalin sabulu aka rubuta. Mai horarwa zai baje su a tebur, a jera wata-wata, a gwada da takardar banki. A nan ne ake gano cewa kuɗin wata na mambobi asusun shugaba na kansa yake shiga, ba don yana ci ba, sai don lambarsa ce kowa ya haddace. Ranar akwai jin nauyi, amma ita ce ranar da aka fi ƙaruwa.

To me ake koyarwa takamaimai?

Shugabanci, tsarin aiki na shekara uku zuwa biyar, auna sakamako, rubuta takardar neman tallafi, bin doka. Duk suna ciki. Amma inda ƙungiyoyinmu suka fi tuntuɓe shi ne kuɗi, don haka bari in ɗan tsaya a nan.

Abu na farko shi ne bambanta kuɗi mai sharaɗi da marar sharaɗi. Wanda aka ba ku don gina rijiya a wani ƙauye, na rijiya ne; ko albashi ya makale ba ku da ikon taɓa shi. Wanda kuka tara daga mambobi ko hayar wani shago, naku ne, kwamitinku ne zai ce ga inda za shi. Ƙungiya na iya samun miliyan 50 a banki ta kasa biyan kuɗin wuta, in duk mai sharaɗi ne. Ƙarfinku yana cikin kashi na biyun.

Na biyu, sanin haƙiƙanin abin da aiki ke ci. A ce an ba ku naira miliyan 10 ku koya wa mata 100 ɗinki a Gangare. Kun lissafa kekuna da yadi da zare da malamai da abincin rana. Ba ku sa hayar ofis ba, ba man janareta, ba albashin akanta, ba kuɗin odita, don kuna tsoron kada a ce kun yi tsada. To waɗannan kuɗaɗe ba sa ɓacewa don ba a rubuta su ba. Ko dai shugaba ya ciro daga aljihunsa har ya gaji, ko a ɗan ƙara a kuɗin yadi a nemo rasit ɗin da zai rufe. Ta haka mutanen kirki ke koyon rubuta rasit na ƙarya. Alhali masu tallafi da dama sun san da kuɗin gudanarwa. Ƙa'idar gwamnatin Amurka kanta ta daɗe da yarda a ɗora kashi 10 cikin 100, ta kuma ɗaga shi zuwa 15 daga Oktoban 2024. Ku rubuta shi a fili, ku kare shi. In mai tallafi ya ce sam ba zai biya ba, aƙalla kun san nawa za ku cika daga naku kafin ku ce kun yarda.

Na uku, asusun ko-ta-kwana. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a tara abin da zai riƙe ofis wata uku zuwa shida. Kada adadin ya firgita ku. A fara da na sati biyu, a ajiye a asusu daban, a rubuta ƙa'idar wanda zai iya ba da izinin taɓa shi.

Sai raba hannu: mai neman kuɗi daban, mai amincewa daban, mai biya daban. Ko ku uku ne kacal a ƙungiyar, ana iya yin wannan.

Wa ya kamata mu tura?

Kada shugaba ya tafi shi kaɗai, kada kuma a tura ƙaramin ma'aikaci don kawai shi ke jin Turanci. Mafi dacewa mutum biyu ko uku: mai gudanarwa, mai riƙe da kuɗi, da ɗaya daga cikin amintattu, wato kwamitin da ke riƙe da amanar ƙungiya. In mutum ɗaya ya dawo da sabon tsari alhali sauran ba su ji dalili ba, za a ce masa ya zo da iyayi, shi ke nan maganar ta mutu.

Ba mu da rajista. Dole ne sai mun yi?

Kuna iya taimakon jama'a ba tare da ita ba, amma ba za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ba, ba za ku mallaki fili da sunanta ba, babu kuma gidauniyar da za ta zuba muku kuɗi mai kauri. Yawancin ƙungiyoyi suna yin rajistar amintattu ne a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020. Za a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan a ba da satifiket. Takardar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha tana da amfaninta, amma ba ta maye gurbin wannan.

Inda aka fi sakaci shi ne bayan an karɓi satifiket. Doka ta ce kowace shekara, tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, amintattu su miƙa wa CAC bayanin shekara. Da yawa ba su taɓa miƙawa ba tun da suka yi rajista, sai ranar da wani mai tallafi ya duba shafin hukumar ya ga an rubuta cewa ba sa aiki. Lokacin ne za a shiga rige-rigen biyan tarar shekaru. Dokar ta kuma hana raba kuɗin ƙungiya ga mambobi a matsayin riba, kuma sashe na 839, wanda ya tayar da ƙura lokacin da aka fito da shi, ya buɗe hanyar dakatar da amintattu in an samu almundahana. Bankuna kuma sukan nemi takardar SCUML, wato sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin su buɗe asusu.

Tunda ba riba muke nema ba, ina ruwanmu da haraji?

Da ruwanku. Sassaucin da doka ta yi wa ƙungiyoyin jinƙai bai shafi ribar da aka samu ta kasuwanci ba, bai kuma ɗauke muku nauyin samun lambar haraji da miƙa bayani ba. Harajin albashin ma'aikatanku ku ne za ku cire ku kai wa hukumar tara haraji ta jihar Filato. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, ga ma'aikatun da ta shafa. An kuma sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, don haka ku tabbatar mai horar da ku ba tsohon darasi yake maimaitawa ba.

In ba Turawa ba, daga ina kuɗi zai fito a Jos?

Ku dubi ƙungiyoyin da suka fi daɗewa a garin nan. Izala a Jos aka kafa ta a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, kuma kowa ya san yadda 'yan agajinta ke bi unguwa-unguwa tattara fatun layya kowace babbar salla, a sayar, a sanar da abin da aka samu. Cocin ECWA da na COCIN duk hedikwatarsu na Jos, suna da makarantu da asibitoci, kuma baikon mabiya na mako-mako shi ne ƙashin bayansu. Zumuntar Mata a coci-coci da karo-karonsu suke ɗinka anko, su kai gudummawa, su yi gini. Babu wanda ya rubuta takardar neman tallafi mai shafi arba'in. Abin da suka haɗu a kai shi ne mutane masu yawa suna ba da kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma suna ganin abin da aka yi da shi da idonsu. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

A ce kuna da mutum 200 da kowa zai riƙa ba da naira 1,000 a wata. Naira 200,000 ke nan, miliyan 2.4 a shekara, kuma ba mai sharaɗi ba ne. Ba zai gina asibiti ba, amma zai iya riƙe haya da ɗan alawus na sakatare. Wahalar ba ta tarawa ba ce, ta riƙe amana ce: rasit ga kowa, saƙon godiya, da bayanin shige da fice duk wata uku, ko da a zauren WhatsApp ne. Dillalin Farin Gada ko ɗan kasuwar Katako da ya ba ku sau ɗaya bai sake jin ɗuriyarku ba sai da azumi ya zagayo, ba zai ƙara ba, kuma yana da gaskiya. Kada a raina gudummawar kaya ma: buhun dankali daga Bokkos, ɗakin da wani ya ba ku kyauta, lauyan da zai duba takarda bai karɓi ko sisi ba. A rubuta su a littafi da ƙimarsu.

Akwai kuma gidauniyoyin cikin gida, irin su ta TY Danjuma da ke Abuja, wadda ta fi mayar da hankali kan lafiya da ilimi, da ACT Foundation ta Legas. Sukan fitar da sanarwar neman takardu, gasar kuwa da zafi, kuma takardun da za su nema su ne dai waɗanda na waje ke nema.

Za mu iya amfani da zakka ko wakafi?

Zakka tana da gidajenta takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, saboda haka ba kuɗin da za a biya hayar ofis da shi haka kawai ba ne. In za ku karɓa, ku ware mata asusu, ku zauna da malamai su fayyace muku iyaka.

Wakafi shi ya fi dacewa da maganar ɗorewa. Asalinsa sananne ne: Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibar, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi shawarar ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Shago ɗaya ko gida ɗaya da ake karɓar hayarsa kowace shekara ya fi alkawarin attajirai goma a wurin taron ƙaddamarwa. Sai dai a rubuta, da shaidu, a kuma mayar da takardun da sunan amintattun ƙungiya, ba da sunan Alhaji wane ba. In ba haka ba, ranar da ya rasu magada za su zo, kuma ba za ku iya ce musu komai ba.

Mu buɗe wata sana'a mana, ko?

A yi hattara. Kiwon kaji, ruwan leda, hayar kujeru da rumfa, duk an gwada, wasu sun ci, da yawa sun cinye ɗan abin da ƙungiya ta tara. Wanda ya iya sasanta makiyaya da manoma ba lalle ya iya kiwon kaji ba. Abin da ya fi tafiya shi ne sayar da abin da kuka riga kuka ƙware a kai: ɗakin taronku, horon da kuke bayarwa, fassara, tattara bayanai a ƙauyukan da ku kaɗai ke iya shiga. Ku raba littafin sana'a da na ƙungiya tun ranar farko.

Ke nan mu daina neman tallafin waje?

A'a. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin kai kashi 25 cikin 100 na kuɗin jinƙai hannun ƙungiyoyin cikin gida, ba su cika ba, amma matsin lambar na nan. Ɗan abin da ya rage zai tafi ne wurin waɗanda suka tsallake tantancewa: rahoton odita na shekarun baya, bayanan taron amintattu, ƙa'idar sayayya, ƙa'idar kare yara da mata daga cin zarafi. Ku nema. Kawai kada mai tallafi ɗaya ya zama shi ne numfashinku.

A ina ake samun horon, kuma nawa ne?

Ƙungiyar NNNGO, wadda ke haɗa ƙungiyoyin sa-kai na Najeriya tun 1992, tana fitar da bayanai kan bin doka. Cibiyar WACSI da ke Accra aikinta ke nan, horar da ƙungiyoyin farar hula na Afirka ta Yamma. Lagos Business School na da shiri na musamman kan shugabancin irin waɗannan ƙungiyoyi. A intanet akwai dandalin Kaya mai darussa kyauta. A nan gida, hedikwatar asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, tana kan titin Miango, Jami'ar Jos kuma na da cibiyar nazarin rikici da zaman lafiya ga masu wannan fannin. Kuɗi ya danganta da wuri, daga kyauta har abin da ƙaramar ƙungiya ba za ta iya ba.

Matsalar ita ce kusan duka da Turanci ake yi. Shawarata, ƙungiyoyi biyar ko shida su haɗa kuɗi su ɗauko akanta ko gogaggen ɗan ƙungiya da zai yi musu da Hausa, a ajin wata makaranta ranar Asabar, ba otal ba abincin rana. In an haɗo na Unguwar Rogo da na Tudun Wada a aji ɗaya, wannan ma wata riba ce a garin da unguwanni suka rabu.

Yaya za mu gane na bogi?

Duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom zai haɗa ku da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, ku kama gabanku. Masu tallafi na gaskiya ba sa sayar da fom. Ku tambayi mai horarwa ƙungiyoyin da ya yi wa aiki, ku kira su ku ji. Ku tambaya ko zai dawo bayan wata uku ya ga abin da kuka yi. In amsarsa duk a kan kyan satifiket take, kun gane.

Shugabanmu shi ya kafa ƙungiyar, komai a hannunsa yake. Yaya za mu taɓo maganar ba tare da an ɓata ba?

Wannan ita ce tambayar da ake yi a waje, bayan an tashi. Mutum ya kafa ƙungiya da guminsa, wataƙila a zauren gidansa, amintattun kuma matarsa ce da ƙaninsa da abokinsa na makaranta. Ba mugunta ba ce, su ne suka amsa kira lokacin da babu kowa. Amma kwamitin da ba zai iya ce wa shugaba "Ranka ya daɗe, a dakata" ba, sunansa kawai kwamiti.

Kada ku fara da zancen sauka, za a ɗauka juyin mulki ne. Ku fara da ƙanana: sa hannu biyu a banki, kwafin takardun rajista a wurin sakatare, lambar sirrin imel ɗin ƙungiya a hannun mutum biyu, taron amintattu a ƙayyadadden lokaci da rubutaccen bayani. Daga nan a shigo da mutum ɗaya ko biyu daga waje, akanta ko lauya ko wata dattijuwa da ake jin nauyinta. Zancen wa'adi ya fi sauƙin shiga in daga bakin mai horarwa ya fito, shi ya sa yake da kyau a lallaɓa shugaban ya halarci horon da kansa.

Mun dawo daga horo. Da me za mu fara?

Ku kira taro cikin sati biyu, tun abin bai huce ba, ku zaɓi abu uku kacal, kowanne da sunan mai yi da ranar gamawa. Ga yawancin ƙananan ƙungiyoyin Jos, ukun sukan zama: duba matsayinku a shafin CAC da biyan bashin bayanan shekara, mayar da duk kuɗin shiga asusun ƙungiya, da lissafa ainihin abin da ofis ke ci a wata. Wannan adadi na ƙarshe ku rubuta shi a shafin farko na littafin ma'aji, domin da shi za ku auna asusun ko-ta-kwana, da shi kuma za ku shiga ciniki da mai tallafi na gaba.